Kebur Zuwa Ɗakin Inna

Kukar Sambo,
ta hanyar Ɗanbatta.
21 ga Satumba.

Zuwa ga Yayana Kamaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya mutanen Fatakwal? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa, amin.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. A zaure kaɗai sabis yake, zauren kuma kullum cike yake da maza, ba zan tsaya a gabansu ina yi maka saƙon murya ba. Shi ya sa nake yago takarda daga littafin darasi in rubuta a ɗaki, in sun tafi masallaci in leƙa in ɗauki hotonta in turo maka.

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in. An taru sosai, har daga Shanono. Duk wanda ya zo sai ya tambaye ni ina babban ɗan Malam Abdussalam, ni kuma in ce wurin aiki ne suka hana ka hutu. Na faɗa ranar uku, na faɗa ranar bakwai, na sake faɗa shekaranjiya. Bakina ya gaji da wannan maganar, Yaya.

Na'urar da ka aiko, wadda kake kira rauta, tana aiki. Mudassir mai gyaran waya na kasuwar Ɗanbatta ya zo ya kafa doguwar sanda a bayan zaure, ya ɗaura mata eriya, ya haɗa da sola. Yanzu ba sai mutum ya hau tudun bayan makabarta yana ɗaga waya sama ba. Baffa Uwaisu, wanda ya fi kowa cewa ɓata kuɗi ne, shi ne yanzu ba ya tashi daga gindinta. Amma da ka wuce zaure ka shiga cikin gida, shi ke nan, ta mutu. Ka san katangun Baba, ko ƙarar harbi ba ta ratsa su balle sabis.

To ga abin da ya sa na rubuto. Inna tana takaba, kuma irin wadda ta ga mahaifiyarta ta yi take yi. Ba ta ƙetare ƙofar tsakar gida, ba ta bari namijin waje ya ji muryarta. Na ce mata malamai sun ce ba laifi ta fito zaure in ba kowa, ta ce ita ba da malaman zamani ta yi zaman aure ba. Ko da ma ta yarda, ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau, abinci kuwa sai na yi da gaske take cin loma uku. Maigidana ya yarda in zauna da ita har ta fita, daga nan nake tafiya makaranta in dawo.

Daren da Baba zai cika ba na nan, ita kaɗai ce a kansa. Sai bayan an share makoki ta gaya mini ya bar mata saƙo zuwa gare ka. Na ce ta faɗa mini in rubuto maka, ta ƙi. Na ce in ɗauki muryarta a waya in kai zaure in tura, ta ce amana ba a aika ta a gwangwani. Wai cewa ya yi ta faɗa maka da bakinta kana ji, kana amsawa. Ban san abin da ke cikin saƙon ba, kuma na lura shi ne yake hana ta barci. Kullum sai ta ce tana tsoron kada ta tafi da kayan wani a wuyanta.

Tana tambayata ko yaron nan ya kira. Ni kuma ina ce mata kana ta kira, katanga ce ta hana. Allah Ya yafe mini. Kai ne mai hawa dogayen ƙarafan sabis, kai ka san yadda ake yi. Don Allah ka nemo dabarar da sabis ɗin nan zai isa ɗakinta, tun da kai ba za ka iso ba.

Inna tana gaishe ka, ko da yake ka san ba za ta faɗa da baki ba. Gwaggo Hure ma tana gaisuwa. Ka huta lafiya.

Taka ƙanwa,
Asama'u.


Kukar Sambo,
13 ga Oktoba.

Yayana,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan, sai dai jikin Inna da ke nan jiya i yau. An fara cirar gyaɗa, gero kuma an gama yanka. Gonar Baba ta yi kyau bana, shi da ya shuka bai gani ba.

Kwali ya iso hannun direban motar Ɗanbatta kwana biyar bayan takardata. Rauta ta biyu, da kebur naɗi guda mai nauyi kamar igiyar rijiya. Na gode. Wallahi wajen aiko kaya ba ka da na biyu.

Na aika wa Mudassir, ya zo har ƙofar gida da jakar kayan aikinsa, Baffa Uwaisu ya tare shi. Ya ce muddin yana raye baƙon namiji ba zai shiga ɗakin mai takaba ba, ko da likita ne sai an yi shawara. Na ce to shi Baffan ya karɓi aikin, ya ce shi ko saƙo bai iya buɗewa ba sai an buɗe masa. Haka Mudassir ya juya. Aiki ya dawo kaina, ni malamar aji uku da ban taɓa riƙe sukuddireba ba.

Ka ga hotuna, amma ba ka ga wahala ba. Kwana biyu na yi ina huda katangar ɗakin Inna da guntun rodi, hannuna duk ya yi kanta. Na ja kebur daga zaure, na bi da shi ta kan katanga, ta bayan rumbu, na ratsa tsakar gida ta sama don kada awaki su ci. Na ɗaure shi tamau na tafi makaranta ina jin kaina. Ina dawowa na tarar Gwaggo Hure ta yi wanki ta shanya zannuwa shida a kai, har da bargo. Wai ta ga sabuwar igiyar shanya, har tana sa mini albarka. Nauyi ya fizge kan kebur ɗin daga jikin rautar zaure, 'yan wayoyin ciki duk sun fito. Na zauna a kan turmi, na rasa kuka zan yi ko dariya. Dole na kwance shi duka, na jira Lahadi ranar kasuwa, na ɗauka a ka zuwa tasha, Mudassir ya matse masa sabon kai. Mako guda ya tafi a banza. Yanzu na zura shi cikin tsohon tiyon ban-ruwa na bi da shi ta gindin katanga.

Sai kuma na soka shi a shuɗin ramin da ke bayan sabuwar rautar, fitila ta kama, waya ta ƙi. Ka ce a'a, a ɗaya daga cikin ramukan rawaya. Ka sa na danna ɗan ramin baya da allurar ɗinki har fitilun suka ɗauke suka dawo. Ka sa na shiga cikinta ta wayata, na mayar da lambarta ta ƙarshe daga ɗaya zuwa biyu, na kashe abin da ke raba wa wayoyi lamba don kada su biyun su riƙa rabo a lokaci guda, na sa mata suna da lambar sirri irin na ta zaure. Sau uku ina ɓatawa kana sa ni in sake daga farko, ba ka ƙosa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan, kuma sai na faɗa, ko za ka yi fushi. In na tambaye ka rami, kafin in ajiye waya ka amsa, har da hoto ka zagaye wurin da jan layi. In na ce Inna ba ta ci abinci ba, sai in ga alamar ka karanta, shiru. Na ƙirga, Yaya. Tun da aka fara aikin nan ba ka rubuta kalmar Inna ko sau ɗaya ba.

Na san abin da ke ranka. Ina nan ranar, shekara bakwai ke nan, ina laɓe a bayan rumbu. Baba ya ce ka zauna ka karɓi karatun zaure da gona, ka ce kai makarantar koyon aikin lantarki za ka. Ya ce in ka sa ƙafa ka fita kada ka dawo. Ka juya ka kalli Inna, tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Kai abin da ka tafi da shi ke nan. Amma haba Yaya, kamar ba a gidan nan aka haife ka ba? Kai ɗan fari ne. Matar da ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba saboda kunya, ita ce za ta buɗe baki ta tare maka a gaban mijinta? Abin da ba ka gani ba, bayan fitarka garin da take tankaɗewa a ƙasa ya ƙare, kuma ranar ba a ɗora tukunya a gidan nan ba.

Na san kuma kana tsoron saƙon. Kana jin ko baki ne Baba ya bari. Ni ban sani ba, ba zan ce maka eh ko a'a ba. Abin da na sani, ko mene ne, naka ne, kuma tsohuwa ce take ɗauke da shi tana rama.

To albishirinka. Jiya da hantsi fitila ta zama koriya, wayata ta kawo sabis cikakke ina zaune a bakin gadon Inna. Na kira maigidana don gwaji, fuskarsa ta fito tar, Inna ta ja mayafi ta juya baya. Bayan na kashe ta sa hannu ta shafa rautar, ta ce ashe abin ƙarami ne haka.

Ka ce Juma'a kake samun sarari. Na gaya mata Juma'ar nan bayan la'asar. Ka tanadi caji, ka nemi wuri marar hayaniya.

Ina gaishe ka da kyau. Allah Ya kai mu.

Ƙanwarka,
Asama'u.


Kukar Sambo,
18 ga Oktoba.

Yaya Kamaru,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya. Mu ma mun tashi, alhamdu lillahi. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don raina a ɓace yake.

Tunda ba ka ga jiya ba, bari in ba ka labarinta.

Tun safe Inna ta sa na share ɗaki sau biyu. Ta ci tuwo da rana, ta cinye, abin da rabon da in gani tun Baba na da rai. Ta yi wanka ta ɗaura wankakken zane. Ta tambaye ni ko za ka ga ramarta a cikin wayar, tunda mai takaba ba ta sa kwalli balle ta gyara fuska. Na ce wayar ba ta nuna rama. Ta sa na jingina ta da matashi biyu, ta ce in Gwaggo Hure ta zo in ce ta dawo anjima. Ta ce da ka ɗauka in ajiye mata wayar in fita in ja ƙofa.

Muna idar da la'asar na kira. Ta shiga, tana ta ringin, Inna na ji. Ta katse. Na ce wataƙila kana masallaci. Na sake kira. Na ce wataƙila kana kan hanya. Sau tara, Yaya. Tun ina kawo dalili har dalilai suka ƙare mini, muka zauna muna jin matan maƙwabta suna sussukar gero.

Sai wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Ban yi tunanin wannan ba duk kwanakin da nake jan kebur. Da can saƙonka a zaure yake tsayawa, in karanta, in gyara fuskata, in shigo mata da abin da na ga dama. Yanzu na kawo shi har kan gadonta da hannuna.

Ta ce daga wa? Na kifa wayar a cinyata. Sai ta ce, Kamaruddeen ne? Shekarata talatin da ɗaya a duniya, jiya na fara jin sunanka a bakinta. Ta ce in karanta mata yadda yake, kuma ta haɗa ni da Allah kada in ƙara kada in rage. Ba ta iya boko ba, da na so da na ce mata taro ne ya riƙe ka. Na kasa. Na karanta mata yadda ka rubuta: ba za ka iya ba, in yi haƙuri, in zare kebur ɗin in ce mata na'urar ce ta lalace.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallon koriyar fitilar nan, sannan ta tambaye ni ko duk kiran da nake cewa kana yi katanga na hanawa, haka yake. Na sunkuyar da kai. Ta ce to, in tashi in yi abin da yayana ya ce, gaba yake da ni. Na ce ba zan zare ba. Ta ce in zare. Na zare.

Da magariba Gwaggo Hure ta shigo da ɗokinta tana tambaya an gana? Kafin in buɗe baki Inna ta ce na'urar ce ta lalace. Matar da ban taɓa jin ƙarya a bakinta ba, tana cikin takabar mijinta, da carbi a hannu. Kai ka sa ta.

Ina jin haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ina kuma tausayinka, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Tuwon dare yana nan a rufe yadda na kai mata.

Rautar tana nan a kan sif, kebur yana rataye a gefenta. Soka shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ranar da ka shirya ka gaya mini. Ni dai na daina roƙo.

Wassalam.

Asama'u.


Kukar Sambo,
9 ga Nuwamba.

Yayana Kamaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki, don na ji a muryarka kai ma ba lafiya gare ka ba. Yaya kwanan zuciya? Allah Ya ba mu ikon cinye wannan jarrabawa.

Na ga saƙonninka, duka goma sha huɗu. Ban amsa ba ne don ban san yadda zan amsa a gajarce ba. Bari in bi maka abin daki-daki, tunda a waya kuka ya hana mu fahimtar juna.

Ranar Talata da hantsi na dawo daga makaranta don in ba ta magani, na tarar da ita a ƙasa kusa da buta. Gefenta na dama ya saki, bakinta ya karkace. A ranar Baffa da kansa ya ce a fito da ita, aka ɗauke ta a tabarma aka ratsa zaure da ita zuwa mota. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, jinin ne ya hau ya yi ɓarna. Kwana uku muka yi suka sallame mu, suka ce sauran sai jinya a gida da addu'a. Tana gani, tana ji, tana gane mutane. Magana ce babu. Na tambayi likita ko za ta dawo, ya ce a shekarunta kada in sa rai sosai.

Shekaranjiya da ka ce in haɗa, na haɗa. Fitila ta kama nan take. Ka dai ga abin da ka gani. Ta gane ka, kada ka yi shakka, na ga idonta. Ta yi ta motsa baki, wuyanta har jijiyoyi suka tashi, abin da ke fita ba kalma ba ce. Kana ta cewa Inna ki yafe mini, Inna me Baba ya ce. Na ajiye mata wayar na fita na ja ƙofa kamar yadda ta taɓa umartata. Ina tsaye a waje ina jin ku, kai kana tambaya, ita tana wannan sautin, har ka kashe.

Yanzu kana tambayata abin da Baba ya ce. Ka ce lallai ta taɓa ɗan tsegunta mini, ko Gwaggo Hure, ko Baffa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ta gaya wa. Ka ce in tambaye ta, in yafiya ce ta matsa hannuna. Na yi. Na durƙusa na riƙe hannunta na hagu mai lafiya, na ce Inna, in Baba ya yafe wa Yaya ki matsa. Ta zare hannunta ta mayar cikin mayafi. Na ce to in akasin haka ne ki matsa. Ba ta ba ni hannun ba ma. Ta rufe ido, hawaye na bin gefen kunnenta. Ba wurina aka aiko ta ba, ko yanzu ba za ta ba ni ba.

Saƙonka na ƙarshe shi ya fi tsaya mini. Ka ce ko ban sani ba in ce maka Baba ya yafe, za ka yarda, kana so ka samu ka yi barci. Yaya, na ɗauki biro sau biyu zan rubuta maka hakan. Kalma uku ce, kuma mai yiwuwa ma gaskiya ce. Amma na yi wata biyu ina yi wa Inna ƙarya don in rufa maka asiri, na ga inda ta kai mu. Ba zan ɗora wa mamaci maganar da ban ji ba.

Ban sani ba. Wallahi tallahi ban san abin da Baba ya ce ba.

Ka ce za ka taso ranar Laraba. Ka taho. Ka sauka a Ɗanbatta ka hau babur, hanyar ta gyaru tun da ruwa ya ɗauke. Kada ka tsaya sayen tsaraba, ba abin da take iya ci sai kunu. Ina bukatar mai taya ni juya ta safe da yamma, bayana ya fara ciwo. Za ka same ta a ɗakinta, za ta gan ka, za ka riƙe hannunta. Amma kada ka taho da sa ran jin komai.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya ba Inna sauƙi, Ya jiƙan Baba.

Ni ce ƙanwarka,
Asama'u Abdussalam.